Yadda za ka yi jinyar kare mai ƙurajen fata har gashinsa ya dawo

Daminar bara ce wajen watan Agusta, na saki karena Duna da daddare kamar kullum sai na ji wani wari na binsa, ba warin karen da muka saba ba, wani ƙarni-ƙarni kamar tsumman da ya kwana a jiƙe. Da gari ya waye na kwantar da shi na duba ciki da matsematsin cinya, sai ga ƙuraje ƙanana jajaye wasu har da farin kai irin na fuskar samari, a gadon baya kuma gashi ya zube wuri-wuri kamar gara ta bi tabarma. Maigadin maƙwabtanmu na leƙowa ya ce "Alhaji ai ƙazuwa ce, a samo baƙin mai a labta masa." Ban shafa baƙin mai ba, amma na yi nawa shirmen, na je kemis na karɓo kafso na ba shi kwana biyar, abu ya lafa na daina, sati uku ba su cika ba ya dawo ya fi na farko muni. Sai a nan na ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi, kuma duk abin da zan faɗa a nan daga wannan wahalar na koyo shi.

Likitocin dabbobi suna ce wa ciwon fayodama, ma'anarsa dai mugunya a fata. Ƙwayar bakteriyar da ta fi kawo shi wata ce daga dangin sitafilokokus, kuma abin da mutane ba su gane ba shi ne ba daga waje take zuwa ba, tana nan a jikin lafiyayyen kare ma, a hanci da baki da wajen dubura, zamanta take ba ta cutar da kowa. Sai fata ta samu rauni sannan take samun hanya. Kaga kenan ƙurjin baƙo ne, wani ne ya buɗe masa ƙofa, in ka kori baƙon ka bar ƙofa a hangame gobe ma zai dawo. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ne na kusan duk wanda na gani yana fama da kare wata da watanni.

Fara da dubawa, amma ka ɗaure baki tukun

Karen da ke jin ciwo ko naka ne kai ka raine shi zai iya kai maka cizo. In ba ka da takunkumi ka samu bandeji ko ƙyalle mai laushi ka zagaya bakin sau biyu ka ƙulla a ƙasan haɓa sannan ka kai bayan kunne ka ɗaure, na ɗan mintuna ne kawai, kada ka bar shi a haka cikin zafi don da baki yake fitar da zafin jiki. Ka sa safar hannu. Ka fito da shi inda akwai haske ka bi jikin da hannu kana buɗa gashi, ciki, hammata, wuya, gindin wutsiya, tsakanin yatsu, gwiwar hannu.

Abin da za ka gani kusan kala uku ne. Akwai na sama-sama, wani wuri guda ya yi ja jawur yana tsatsafo da ruwa gashi ya manne, yawanci a kumatu ko gindin wutsiya, wannan cikin 'yan awanni yake faɗaɗa, da safe kamar kwabo da yamma kamar tafin hannu, saboda karen ba ya barin wurin da lasa da susa. Akwai na tsakiya wanda shi ya fi yawa, irin na Duna, ƙuraje a gindin gashi, in sun fashe sai su bar wani zobe na ɓawo kewaye da fili ja ko baƙi-baƙi, in ka ga wannan zoben toh kusan ka gama gane ciwon. Sai mai zurfi, shi kam ba wasa, fata ta kumbura ta yi tauri, akwai ramuka suna fitar da mugunya haɗe da jini, kare na kuka in an taɓa, wani lokaci da zazzaɓi da ƙin abinci. Zafin jikin kare lafiyayye tsakanin 38 ne zuwa 39.2 a ma'aunin salsiyas, in ya haura 39.5 akwai magana. Mai zurfi ba a jinyarsa a gida da dabara, ranar da ka gani ranar za ka nemi likita. Manyan karnukan nan masu nauyi da ake kullewa a keji kan dandaryar siminti suna yawan samunsa a gwiwa inda kanta ta fito, Alseshan kuma an san su da mai zurfi a cinya da baya.

Wani abu da ke ruɗa mutane a ƙasarmu, musamman da damina kuma a ƴan kwikwiyo: za ka ga kumburi kamar maruru da ɗan rami a tsakiya, in ka lura sosai wani abu na motsi a ciki. Wannan tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a ƙasa mai laima da fitsari, ba bakteriya ce ta fara shi ba. Ana toshe ramin da basilin ta rasa iska ta leƙo sannan a matso ta gaba ɗaya a wanke wurin. Ko ka ba shi antibayotik buhu guda in tsutsar na ciki ba zai warke ba.

Nemo wanda ya buɗe ƙofar

Nan ne aikin yake. Na farko a jerin masu laifi ƙuma ce. Kar ka ce ai ban ga ƙuma ba, ka taje gindin wutsiya a kan farar takarda, in baƙin gari-gari ya zubo ka ɗiga masa ruwa, in ya koma ja toh kashin ƙuma ne, jinin karenka ne ta sha. Wasu karnukan jikinsu ba ya shiri da yawun ƙuma ko kaɗan, cizo ɗaya biyu ya isa su kwana suna susa. Sai kaska, ita kam kowa ya santa. Sai ƙwarin ƙazuwa da ido ba ya gani, iri biyu ne, ɗaya mai mugun ƙaiƙayi da ke fara cin gefen kunne da gwiwa kuma yana iya sa mutanen gida ma su yi ɗan susa na wani lokaci, ɗayan kuma yana zama a ramin gashi ya fi kama karnuka masu ƙananan shekaru, gashi ya zube a fuska da ƙafafun gaba ba tare da susa sosai ba sai bakteriya ta shiga. Makero ma yana kama da zoben da na faɗa, shi kuma naman gwari ne ba bakteriya ba, kuma yana kama yara, don haka kar a yi wasa da shi.

In duk ba waɗannan ba ne sai a koma kan borin jiki, wato wani abinci ko ƙura ko ciyawa da jikin karen ba ya so, alamarsa yawan lasar ƙafa da ciwon kunne mai tafiya yana dawowa. Tsohon kare kuma da ya yi ƙiba ya zama malalaci gashi na zuba gefe da gefe, ana duba masa tayiroid, wannan abin na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo a jikin mutum. Ga kuma laima, kejin da ba ya bushewa, da yunwa, da tsutsar ciki.

Ba za ka iya rarrabe duk wannan da ido ba, ni ma ban iya ba. A asibiti abin bai da wani tsawo, za su kankare fata kaɗan da wuƙar tiyata su duba a madubin likita ko akwai ƙwarin ƙazuwa, su manna salatif a kan ƙurjin su rina su ga ko bakteriya ce ko yis, wato wani nau'in naman gwari. In ciwon mai zurfi ne, ko an sha ba da magani ba ya ji, sai a ɗauki mugunya a kai ɗakin gwaji a shuka ta a ga wane magani ne ke kashe ta, yana ɗaukar kwanaki kaɗan. Wanda ke kusa da Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai irinsa a jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, sannan asibitocin dabbobi na jiha da masu zaman kansu. Na Duna ƙuma ce ashe, ni da nake rantsuwa babu ko ɗaya a jikinsa.

Wanka shi ne rabin maganin, wani lokaci ma shi ne duka

Mu dai mun fi yarda da allura, in ba a tsira wa dabba allura ba gani muke ba a yi komai ba. Amma ga ciwon da bai yi zurfi ba, wanka da sabulun ruwa mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake kira kulohekzidin na kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari yana iya warkar da shi ba tare da an sha ko ƙwaya ɗaya ba, kuma yanzu likitoci da shi suke son a fara. Akwai na karnuka irin su Malaseb wanda ke haɗe da maganin yis, akwai kuma Hibiscrub na kashi 4 da ake wanke hannu da shi a asibiti, ka tambayi likitanka wanne ake samu a garinku.

Ga yadda ake yi, kuma a nan mutane ke faɗuwa. In gashin dogo ne a rage shi da almakashi ko injin aski a kewayen ciwon, ban da reza, reza ƙara yanka fata take. A jiƙa jiki da ruwa mai ɗan sanyi ko ɗumi kaɗan, ban da mai zafi don yana tada ƙaiƙayi. A shafa sabulun a fara da inda ciwon ya fi yawa, a murza a hankali da tafin hannu har kumfa ta kai fata, ba soso ba buroshi. Sannan a duba agogo a bar kumfar minti 10 cif. Wallahi minti goma da jiƙaƙƙen kare yana zillo tana da tsawo kamar awa, ni waya nake saitawa in riƙe shi ina masa surutu ina ba shi tsokar busasshen kifi, ban da ƙaya. In ka wanke kumfar bayan minti biyu ka yi asarar sabulu ne kawai. Kar ya shiga ido, kar ya shiga cikin kunne, kulohekzidin na yi wa ido da cikin kunne illa sosai. A ɗauraye da ruwa mai yawa har sai ba santsi, a goge da tawul mai tsabta, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar keji. Da damina ka yi wankan da hantsi, kar ka yi da yamma ya kwana da laima.

Sau 2 zuwa 3 a sati ake yi a farko, in an ga sauƙi a koma sau ɗaya. Ranakun da ba wanka ana iya goge wuraren da auduga da ruwan kulohekzidin da aka sirka yadda likita ya ce. In wurin ɗan ƙarami ne guda ɗaya ko biyu, likita kan ba da man shafawa irin mufirosin ko fusidik, a shafa sau biyu a rana a tsare shi minti kaɗan kar ya lashe.

Wancan jan wurin mai ruwa da ke faɗaɗa da sauri, shi sirrinsa iska, a aske gashin har a wuce bakin ciwon da kamar faɗin yatsa biyu don a ƙarƙashin gashi ya fi yadda kake gani girma, a wanke a bar shi a buɗe. Kar a naɗe da bandeji.

In likita ya rubuta antibayotik

Ana ba da na sha ne in ciwon ya yi zurfi, ko ya bazu ko'ina, ko an yi wanka sati biyu ba canji. Waɗanda aka fi farawa da su safaleksin ne, ko amoksisilin mai haɗin kilabulanik, ko kilindamaisin. Amoksisilin zalla ko amfisilin ko fenisilin galibi ba sa aiki a nan, don yawancin wannan bakteriyar na fitar da wani sinadari da ke lalata su, abin da na ɗura wa Duna kenan na kwana biyar ina jin ni gwani. Kuma da nauyi ake lissafi, misali safaleksin wajen miligiram 22 zuwa 30 ne kan kowane kilo sau biyu a rana, kaga karen kilo 20 na buƙatar kusan 500 da safe 500 da yamma, mai ba da kafso ɗaya na 250 a rana kuwa horar da ƙwayar cutar kawai yake. Na kawo lissafin ne don ka ga dalilin auna nauyi, ba don ka tsallake likita ba. Auna shi ba wuya, ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka debe.

Tsawon lokaci, abin da aka daɗe ana bi shi ne sati 3 ga wanda bai yi zurfi ba ko a ƙara sati ɗaya bayan komai ya ɓace, mai zurfi kuma sati 4 zuwa 6 ko fiye. Yanzu wasu likitocin na rage kwanakin amma da sharaɗin a dawo da kare su duba kafin maganin ya ƙare, su ne za su ce a tsaya ko a ci gaba. Ko wanne likitanka ya bi, kai dai ba kai za ka yanke ba, saman fata kan riga ƙasa warkewa, ido zai ce maka an gama alhali da saura. Wannan sha-a-daina da muke yi shi ke haifar da irin ƙwayar da ba ta jin maganin da aka saba, in karenka ya kai nan kuɗin da za ka kashe sai ya ninka kuma zaɓin magani ya ragu.

A ba shi da abinci don wasu na sa amai ko zawo. Ni a cikin ɗan dunƙulen tuwo da aka dangwala a man kifi nake ɓoyewa, in fara ba shi ɗaya marar magani ya haɗiye, na biyu mai magani, na uku na riƙe a gabansa yana gani, saurin ya kai ga na ukun ba ya tsayawa tauna na biyu. Ka tsaya ka tabbatar ya haɗiye fa, suna tofarwa a bayan keji. In fuska ta kumbura ko amai ya ƙi tsayawa a dakata a kira likita.

Abubuwan da don Allah kar a yi

Baƙin mai, kananzir, fetur, fiya-fiya, ruwan batir, toka da manja, duk na ji an ba da shawararsu. Baƙin mai ƙona fata yake kuma kare zai lashe ya shiga cikinsa, fiya-fiya kuwa ta fata ma yana shiga jini, karnuka da yawa a haka suke tafiya ana cewa ciwon ne ya kashe su. Maganin goge ɗaki ko na banɗaki ba na jikin dabba ba ne. Omo da sabulun wanki suna kwashe maiƙon fata, fatar kare kuma ta fi tamu siranta. Mayukan nan na kemis masu haɗi uku da mata ke shafawa, da allurar dekza, suna ɗauke da sitiroid, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, ƙaiƙayi zai tsaya kamar an yi sihiri ka ji daɗi, a ƙasa kuma garkuwar fata ta kwanta ciwo na ci, in akwai ƙwarin ramin gashi ma sai su ninka. Akwai inda likita kan ba da sitiroid na 'yan kwanaki da saninsa, wannan daban. Ibufurofen da dikulofenak na mutane suna huda cikin kare su taɓa ƙoda, kar a ba shi don wai yana jin zafi. Aibamektin, maganin tsutsa da ƙwari na shanu, ana amfani da shi a ƙazuwa amma awonsa ɗan mitsitsi ne, kuma akwai jinsin karnukan Turawa irin su koli da yake iya kashewa, ba abin da yaron shago zai zuƙo da ido ba ne. Shuɗin feshin nan da ake fesa wa awaki shi ma in za ka je asibiti kar ka fesa, rufe wa likita ciwon yake ya kasa ganin komai.

Hana susa da gyaran makwanci

Duk wankan da ka yi, dare ɗaya na lasa ya isa ya rusa. Akwai abin wuya mai kama da mazurari da ake sayarwa, in babu ka samu bokitin roba mai laushi daidai kansa ka yanke gindin, ka naɗe bakin da salatif ko tsumma kar ya yanke shi, ka huda ramuka ka ɗaure a jikin abin wuyansa, ya ɗan wuce tsinin hanci. Kwana biyun farko zai yi ta karo da bango yana kallonka kamar ka ci amanarsa, zai saba. In ciwon a jiki ne tsohuwar singileti ma na taimakawa muddin a bushe take ana canzawa.

Ƙuma da kaska kuma ba a jikin kare kawai ake yaƙarsu ba, mafi yawan ƙuma ƙwai ne da tsutsa a ƙasa da shimfiɗa, kaskar kare kuwa a tsagar bango take ɓuya har sama take hawa. Akwai ƙwayoyin taunawa irin su NexGard da Simparica na wata-wata, da Bravecto mai kai sati 12, suna kashe ƙuma da kaska har da ƙwarin ƙazuwa, da tsada kam amma ni na lissafa na ga sun fi mini arha kan zaryar asibiti. Duk karnukan gidan za a yi wa tare. In akwai kyanwa a gidan kar a ɗiga mata maganin kare, mai sinadarin fametirin kashe ta yake. A fitar da kare a wanke keji, a fesa maganin da likita ya ba da har cikin tsagogi, a bari ya bushe ƙamshin ya fita kafin a mayar da shi. Buhu ko bargon da yake kwanciya a wanke duk sati a shanya a rana mai zafi, mai ciwon gwiwa a sa masa katako da shimfiɗa mai kauri. Kwanon abinci da abin wuya ma a wanke. Kai ma ka wanke hannu da sabulu bayan kowace jinya, ba kasafai wannan bakteriyar ke kama mutum ba amma mai ciwon suga ko mai buɗaɗɗen rauni ko jariri gara su nisanci wurin.

Abinci ma a duba. Kare mai gina sabuwar fata ba zai yi ta da ƙanzo da ruwan dusa kaɗai ba, a ƙara masa dafaffen ƙwai, kifi, kayan ciki, a kuma rage zuba masa ragowar miya mai albasa da yawa don albasa na lalata jinin kare. A ba shi maganin tsutsa, tunda an je asibiti kuma a duba ko lokacin allurar haukan kare ya yi.

Yadda za ka gane ana samun sauƙi

Wari ne ke fara tafiya, sai susa ta ragu ya fara barci sosai. Cikin sati ɗaya zuwa biyu ya kamata sabbin ƙuraje su daina fitowa, tsofaffin su bushe ɓawo ya riƙa zuba. Kar ka tsorata in bayan wankan farko ka ga kamar gashi ya ƙara zubewa, wanda ya riga ya mutu ne. Wurin da ya warke yakan yi baƙi, ba sabon ciwo ba ne, a hankali yake washewa. Gashi shi ne na ƙarshe, sai an yi sati huɗu zuwa takwas ko fiye, inda mai zurfi ya bar tabo kuma wataƙila ba zai sake fitowa ba har abada. Ka riƙa ɗaukar hoto da waya duk sati a wuri ɗaya da haske ɗaya, don mai gani kullum ba ya gane canji, kuma likita zai ji daɗin hoton.

In sati biyu sun wuce sabbi na fitowa, ko ya warke ya dawo cikin wata ɗaya biyu, kar a sake sayen maganin da aka sha a baya, a koma a yi shukar mugunya a sake neman dalili. In ana zargin abinci ne gwajinsa sati 8 ne a kan abinci kala ɗaya da bai taɓa ci ba, ba ɗan ƙashi ba ɗan biskit daga hannun yara, wanda a gidan da ke da yara shi ne mafi wuya a duk jinyar.

Duna sati huɗu ya yi yana shan magani, wanka kuma mun kai sati shida, gashin bayansa bai rufe ba sai wajen Nuwamba da sanyi ya fara shigowa. Yanzu da na ga hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu nake ba shi maganin ƙuma, in ɗaga katakon kejin daga ƙasa, wankan kulohekzidin kuma sau ɗaya duk sati biyu har ruwa ya ɗauke.